Iyakar da babu kwastan: Yadda shige da ficen ruwan teku ke taɓa kasuwar kifi da gishiri

Idan masu karatu ba su manta ba, a watan Agustan 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta kuma sake buɗe na Seme da Illela da Maigatari ba sai a Disambar 2020. Haka nan bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 an datse gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, mahukuntan Yamai sun bar nasu ɓangaren a rufe. Duk ɗan kasuwar da ya ga yadda albasa ta ruɓe a kan mota, ya ga yadda jari ya narke a wurin jiran hanya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan illar toshe ƙofar da arziki ke bi.

To amma akwai wata iyakar da ba kasafai ake maganarta a rumfunanmu ba, alhali rufe ta ko wage ta fiye da kima na taɓa farashin kifi da jatan lande da gishiri. Wannan iyaka ita ce bakin da ruwan teku ke bi ya shiga tafkuna da fadamun gishiri na gaɓar Benin da Togo da Ghana, ya kuma fita. Daya daga cikin irin waɗannan ƙofofi tana nan a tsakiyar birnin Kwatano, ita ce mashigar ruwan da kasuwar Dantokpa ta kafu a gefenta. A ganinmu lokaci ya yi da 'yan kasuwar kan iyaka za su riƙa bibiyar labarin wannan ƙofa kamar yadda suke bibiyar labarin kwastan da canjin sefa.

Gonar da ido ba ya gani

Kowa ya san gansakukar da ke kwanciya a jikin randa ko a bakin kududdufi. Wadda muke magana a kanta danginta ce, sai dai ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin ƙwayarta ɗaya ba ta ganuwa sai da na'urar ƙara girman abubuwa ta ɗakin bincike. Wata tana yawo a cikin ruwa, wata tana manne a jikin itace da ciyawa, wata kuma tana zaune a saman laka. Idan ruwan teku ya janye da rana, mutum zai ga saman lakar ya yi wani launi mai kama da ƙasa-ƙasa da ruwan zinariya, yana ƙyalli. Wannan launi miliyoyin ƙwayoyin gansakuka ne da suka hauro sama domin shan hasken rana, kuma da ruwa ya kusa dawowa sai su nutse ƙasa kaɗan su ɓuya. Suna fitar da wata yauƙi da ke ɗaure laka wuri guda, abin da ke rage wa ruwa ƙarfin kwashe ta.

Kamar kowace shuka, wannan gansakuka tana haɗa abincinta ne daga hasken rana da ruwa da iska, tana kuma fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Masana sun yi ittifaƙin cewa kusan rabin oksijin da tsirran duniya ke samarwa yana fitowa ne daga irin waɗannan ƙananan halittu na ruwa. Ita ce abincin ƙananan tsutsotsi da dodon koɗi da kawa da 'ya'yan jatan lande, su kuma su ne abincin manyan kifaye. Karfasar tafkunan bakin teku ma kai tsaye take kiwo a kanta, kamar yadda akuya ke kiwo a makiyaya. 'Yan kasuwar da ke zirga-zirga a yankin Kanem na ƙasar Chadi sun san wani abu makamancin haka, wato dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke kwasowa daga tafkunan kanwa su shanya a kan rairayi su sa a miya. Shi ma nau'in waɗannan ƙananan halittu ne.

Fataucin da ke tsakanin tafki da teku

Sau biyu a kowace rana teku yana cika yana janyewa, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50 a kan na jiya. Wata ne ke jan ragamar lamarin, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A gaɓar Benin bambancin cika da janyewa bai fi wajen mita ɗaya ba, amma wannan ɗan motsi ya isa ya tafiyar da ciniki babba tsakanin ɓangarorin biyu.

Idan ruwa ya shigo, yakan kawo gishiri da sabuwar iska da kuma ƙananan 'ya'yan jatan lande da na kifaye irin su bonga, waɗanda iyayensu ke haihuwa a teku ko a bakinsa. A cikin tafki suke girma, domin nan ne abinci yake da yawa, ga kuma wurin ɓuya daga manyan kifaye. Idan ruwa zai fita, yakan tafi da wani kaso na gansakukar da ya kankaro daga saman laka, wanda ke ciyar da kifin bakin teku, ya tafi da dattin da ya taru, ya kuma buɗe hanya ga jatan landen da suka girma su koma teku su hayayyafa. Ashe ke nan ko kifin da jirage ke kamawa a teku, wani kasonsa a fadama ya yi ƙuruciya.

Baya ga wannan motsi na kullum akwai na shekara. Tafkin Nokuwe, wanda ke bayan Kwatano, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 150 ne da rani, zurfinsa kuwa a yawancin wurare bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Ruwan daminar da ke sauka a arewaci da tsakiyar Benin yakan biyo kogin Weme ya iso shi a wajen Satumba da Oktoba, ya tura ruwan gishiri waje, tafkin ya koma ruwan daɗi, ya kuma ninka faɗinsa. A lokacin ne kainuwa ke rufe hanyoyin jiragen kwale-kwale. Daga Disamba idan kogi ya ja baya, sai ruwan teku ya dawo sannu a hankali ya kashe kainuwar, kafin ƙarshen rani gishirin wasu sassan tafkin ya kusa kamo na teku. Wannan sauyi na shekara shi ne kalandar masunta, kuma shi ne ke yanke lokacin da jatan lande ke yawa da lokacin da yake ƙaranci.

Darasin Kwatano

Tarihin wannan tafki ya isa misali ga mai son sanin abin da taɓa ƙofa ke haifarwa. A watan Satumbar 1885 ne Faransawa suka haƙa rairayin da ya raba tafkin da teku domin kawar da ambaliyar da ta mamaye Kwatano. Ƙarfin ruwa ya faɗaɗa haƙar, ta zama mashigar da muke gani yau, mai tsawon sama da kilomita 4. Shekaru da dama bayan nan igiyar teku kan tara rairayi ta toshe bakin, ambaliya kuma ta sake buɗe shi, wato dai ƙofar tana buɗewa tana rufewa da kanta.

Gina tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda aka kammala a 1965, ya sauya wannan tsari. Katangar tashar ta tare rairayin da igiya ke kawowa daga yamma, bakin mashigar ya zauna a buɗe, ruwan gishiri ya yi yawa a tafkin. Abin da ya biyo baya ya faɗa ne a kan masu akaja. Akaja wata dabara ce ta masuntan yankin, inda suke kafa rassan itace masu yawa a cikin ruwa marar zurfi, gansakuka ta tsiro a jikin rassan, kifi ya taru yana kiwo yana hayayyafa, bayan wasu watanni a kewaye wurin da koma a kwashe. Da gishiri ya ƙaru, sai wata tsutsar teku mai cin itace kamar gara ta samu wurin zama, ta riƙa cinye rassan tun kafin su biya kuɗinsu, kamun kifi ya faɗi. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta gina shinge a bakin mashigar domin rage shigowar ruwan teku, sai kuma aka shiga kukan cewa an tare hanyar jatan lande da kifayen da ke shigowa daga teku. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ita kanta akaja da ta yi yawa ta zama matsala. Rassan da ke ruɓewa a ƙarƙashin ruwa suna cike tafkin, suna rage gudun ruwa, ga sare dazuzzukan da ake yi domin samo su, ga rigingimu tsakanin masu akaja da masu jefa birgi a kan wurin kamu. Dokar kamun kifi da Benin ta kafa a watan Agustan 2014 ta haramta akaja da wasu nau'o'in koma masu ƙananan idanu, kuma a shekarun da suka biyo baya hukuma ta shiga tumɓuke su a tafkunan Aheme da Nokuwe. Masu goyon bayan matakin na cewa ruwa ya samu hanya, masuntan da suka zuba jarinsu a itace kuma na tambayar abin da za su ci kafin kifin ya dawo. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa.

Jatan lande ma ya ga nasa tashin hankalin. A farkon shekarun 2000 yana cikin manyan kayayyakin da Benin ke fitarwa zuwa Turai. A Yulin 2003 ƙasar ta dakatar da fitar da shi bayan masu binciken Tarayyar Turai sun nuna rashin gamsuwa da tsarin kula da tsaftarsa. An ɗage dakatarwar a 2005, amma cinikin bai koma yadda yake ba. Darasin a nan shi ne, mai saye na nesa yana duba ruwan da kaya suka fito, kuma idan kasuwa ta kuɓuce, dawo da ita aiki ne ja.

Idan ƙofa ta toshe, idan kuma ta wage

Gansakuka abinci ce matuƙar ba ta wuce kima ba. Idan ruwan ƙazantar gari da takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki suka taru a tafkin da ba ya samun wankin teku, sai ta yi yawa fiye da abin da kifi zai iya ci. Da dare takan zuƙe iskar da ke cikin ruwa, idan ta mutu kuma ruɓewarta ta ƙarasa cinye sauran, da asuba a ga kifi ya taso sama yana haki ko ya mutu. Masu sayar da albasa da suka zauna a kasuwar Agbogbloshie ta birnin Akra kafin a mayar da su Adjen Kotoku a 2021 sun san tafkin Korle da warinsa. Tafki ne da a da ake kamun kifi a cikinsa, amma shara da ƙazantar da kogin Odaw ke kawowa, tare da cikewar hanyar ruwansa, suka mayar da shi baƙin ruwa marar amfani, duk da maƙudan kuɗin da aka kashe wajen yasarsa tun farkon shekarun 2000.

Wage ƙofar babu lissafi shi ma yana da nasa sharrin. A watan Oktoban 2003 mahukuntan Senegal suka haƙa wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a rairayin da ya raba kogin Senegal da teku, domin ceton birnin Saint-Louis daga ambaliya. Birnin ya tsira a wannan shekarar, amma teku ya ci gaba da cin bakin haƙar har faɗinta ya kai kilomitoci. Ƙauyen Doun Baba Dieye ya tashi, gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasa na yankin Gandiol, masunta da yawa kuma sun rasa rayukansu a wurin ƙetare sabon bakin. Aikin da aka yi cikin gaggawa a dare ɗaya, ga shi an shafe sama da shekaru 20 ana biyan kuɗinsa.

Ɓangaren gishiri

Alaƙar fataken Hausa da gishirin bakin teku tsohuwa ce. Tun zamanin cinikin goro, gishirin Ada yakan biyo kogin Volta a kwale-kwale zuwa Kete-Krachi da kasuwar Salaga, inda kakanninmu ke haɗuwa da shi. Tushensa shi ne tafkin Songor, wanda ke cika da ruwa ya kuma bushe da rani ya bar gishiri a kwance. Madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 ta rage ambaliyar Volta da ke taimaka wa yankin, tafkin ya riƙa ƙafewa, mutane suka koma haƙa ƙananan ramuka suna jawo ruwa da inji. A 2020 majalisar dokokin Ghana ta amince da bai wa kamfanin Electrochem hayar kimanin eka 41,000 na yankin, matakin da ya jawo doguwar taƙaddama da wasu mazauna wurin da suka gaji sana'ar. Asalin rigimar dai ita ce wa ke da iko da ruwan da ke shiga tafkin.

A gonar gishiri ma gansakuka tana da aiki. Shimfiɗarta a ƙasan kwatarniyar shanya tana rage tsiyayar ruwa cikin ƙasa, wani nau'inta kuma yana rina ruwan ya yi ja, ya riƙa kama zafin rana da sauri. Idan kuwa ta yi yawa, yauƙinta kan hana gishiri daskarewa da kyau, ya fito da laushi da datti, wanda kowane mai awo ya san ba ya tsada. Tafkin Retba na Senegal, wanda ya yi suna da jan launinsa, ya rasa launin a 2022 bayan ruwan ambaliya ya kwarara cikinsa ya sirka gishirin, masu haƙar gishiri suka shiga wani hali.

A kusa da garin Wida na Benin kuwa, matan ƙauyen Djegbadji suna kankare ƙasar fadama mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya ƙafe. Mutanen Gaya da Kamba ba baƙi ba ne ga wannan dabara, domin kusan haka ake yin gishirin Foga. Matsalar ita ce itacen girkin, wanda aka daɗe ana samowa daga itatuwan mangurob masu tsayawa a kan saiwoyinsu cikin laka, alhali su ne mafakar 'ya'yan kifi da kawa. A 2016 gwamnatin Benin ta haramta sare su. Dokar tana da kyau, amma sai an sama wa matan wani makamashi mai araha kafin ta yi aiki sosai.

Ina ruwan ɗan kasuwar kan iyaka?

Mai yiwuwa wani a Malanbil ko Kamba ya ce tsakaninsa da Kwatano akwai tafiyar sama da kilomita 700, me ya haɗa shi da laka? Amsar tana cikin lissafin kasuwa. Kifin da Benin ke kamawa bai kai rabin abin da jama'arta ke ci ba, kuma kaso mafi tsoka na kamun cikin gida daga waɗannan tafkuna da koguna yake fitowa. Duk lokacin da kamun ya ragu, giɓin yakan koma kan kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi da kuɗin waje, da kuma bandar da ke gangarowa daga kogin Kwara da tafkin Chadi. Mai saye na kudu idan ya rasa na kusa sai ya hauro arewa da kuɗinsa, farashi ya motsa har a kasuwannin ƙauye. Wanda ke sayen kifin ƙanƙara da naira kuwa ya ga yadda lissafi ya rikice tun bayan sakin darajar kuɗin a Yunin 2023.

Bugu da ƙari, ruwan nan a haɗe yake. Daga Nokuwe akwai hanyar ruwa zuwa tafkin Porto-Novo, daga nan zuwa Badagiri har Legas. Man fetur ɗin da ya zube daga jarkokin masu fasa-ƙwauri a wannan hanya, ko sharar da aka zubar a bayan Dantokpa, ba sa tsayawa neman biza. A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya: manyan kasuwannin da ke bakin waɗannan ruwaye suna cikin masu ɓata su, kuma 'yan uwanmu na Zango suna cikin masu rumfuna a can. Gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau mulki a 2016, ta bayyana shirin ɗauke harkokin Dantokpa zuwa sababbin kasuwanni, ciki har da ta sari a Akassato. Idan an tashi da kaya amma aka tafi da halin zubar da shara a magudana, an mayar da cutar wani wuri ne kawai.

Abin da ya kamata a yi

Benin ta sanya waɗannan tafkuna a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu tun a shekarar 2000, Ghana ma ta yi haka ga Songor da Keta. Rubutu a takarda ba ya hana laka cike hanya. Muna kira ga hukumomin ƙasashen da abin ya shafa da kada su buɗe ko su toshe bakin wani tafki sai bayan an auna ruwan an kuma saurari masunta da masu gishiri, su riƙa sanar da jama'a sakamakon awon gishiri da tsaftar ruwa kamar yadda ake sanar da hasashen damina. Ya kuma dace Nijeriya da Benin su sa batun ruwan da ya haɗa Porto-Novo da Badagiri a teburin tattaunawarsu, kusa da batun shinkafa da motoci.

A namu ɓangaren, shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Zango na iya sa dokar hana zubar da shara da baƙin mai a bakin ruwa, kamar yadda suke sa dokar awo. Dillalan kifi su riƙa tambayar inda kaya suka fito, su guji arhar kifin da aka tsinto a mace a saman ruwa, domin banda ba ta gyara shi, kuma mutunci ɗaya ne idan ya zube. Mai sayen jatan lande da gishiri ya riƙe kalandar ruwa: shekarar da ambaliyar Weme ta daɗe ba ta janye ba, jatan lande kan makara, shekarar da ruwan sama ya kutsa cikin rani kuma gishirin shanya kan yi ƙaranci. Mai wannan sani zai san lokacin ajiya da lokacin sakin kaya.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Iyakar tudu idan shugabanni suka sasanta ana buɗe ta da sanarwa ɗaya, amma tafkin da ya mutu, kamar yadda Korle ya nuna, shekaru ake yi ana zuba kuɗi bai farfaɗo ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan lamari tun da sauran lokaci, Ya kuma sa albarka a kasuwanninmu.